Ɗan Hannun Dalma

Ranar da ta fara shigowa maɗaba'ar, hadari ya haɗu tun da hantsi amma ya ƙi zubar da ko ɗigo. Shi kuwa yana tsaye gaban akwatin haruffa yana mayar da baƙaƙen dalma gurabensu ɗaya bayan ɗaya, sai ya ji ƙofar katako ta yi ƙararta ta kullum.

Ta yi sallama, ta tsaya tana kallon tsohon injin bugu da ya cinye rabin ɗakin. Doguwa ce, da jakar kwamfuta a kafaɗa, a hannunta kuma wani kati da ya yi ja don tsufa.

"Don Allah a nan aka buga wannan?"

Ya goge hannu a jikin riga, ya ƙara ɓata rigar, sannan ya karɓa. Katin ganin likita ne na shekarun baya.

"Aikin Kakana ne, Allah ya jiƙansa. Kin ga ɗan hannun nan mai nuni da yatsa? Nasa ne."

Sai ta yi masa bayani. Ita mai tsara manhajar waya ce, an ba ofishinsu aikin yi wa wani asibiti manhajar da marasa lafiya za su riƙa kama layi da ita. Sun yi ta, ta yi kyau, amma duk tsohon da aka miƙa wa sai ya ɓata a ciki. Wata tsohuwa ce ta gaji, ta kwance bakin zane ta fito da katin nan, ta ce shekara da shekaru tana bin wannan ba ta taɓa ɓata ba, in za su yi, su yi irinsa.

"Shi ne na ce bari in zo in ga me kuka sani da ba a koya mana a makaranta ba."

Ya yi murmushi yana sosa ƙeya. Shi da ko sakandare bai gama ba, me zai koya wa mai kwamfuta? Amma ya ɗauki katin, ya manna a bango, ya ce ta biyo shi. Suka ja da baya yana ƙirgawa, har taku bakwai.

"Rufe ido. To buɗe. Me kika fara gani?"

"Lambar ɗaki."

"To abin da takardar ke faɗa ke nan. Kaka ya ce duk abin da ido bai gani daga taku bakwai ba, ba ka faɗe shi ba."

Ta ciro wayarta ta jingina a bango, suka sake ja da baya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Tambarin ofishinmu kawai nake gani."

Suka kwashe da dariya tare. A lokacin ne ruwan ya sauko.

Daga ranar ta mayar da shagon wurin zuwa. Ya nuna mata yadda aka raba akwatin haruffa: harafin da aka fi amfani da shi gurbinsa ya fi girma, kuma shi ne kusa da hannu. Ya nuna mata farin gefen da Kaka ke bari a kowace takarda, don babban yatsa ya sami wurin zama ba tare da ya rufe magana ba. Ita kuma sai ta koma ta ƙara wa madannin manhajar girma, ta sauko da shi inda yatsan tsoho zai kai. Da ta ga ɗan hannun dalmar a gurbinsa, ta ɗaga shi sama tana mamaki.

"Ka san wannan hannun yana cikin kwamfuta? Duk inda za a danna, shi ke fitowa."

"Ashe ya yi tafiya. Biyu ne asali, mai nuna dama da mai nuna hagu. Ɗan'uwansa ya ɓata tun kafin a haife ni."

Wata rana ta tsaya tana kallon yadda yake karanta layin haruffa a juye, kai a ƙasa, kamar yana karanta jarida.

"Abbana ma ya iya wannan. In kana zaune gabansa da takarda, daga can zai karance ta tsaf. Muna yara mun ɗauka sihiri ne."

"Ɗab'i ya taɓa yi?"

"Abba? Ina! Kayan gini yake sayarwa tun da na buɗe ido."

Ya sa mata suna Danna-nan. Ita kuma ta ce masa Baƙin Hannu, saboda tawadar da ba ta fita daga faratansa. Wani dare ta turo masa saƙo a waya:

"Baƙin Hannu, yau tsofaffi tara cikin goma sun kama layi ba wanda ya taimake su. Na goman ya manta gilashinsa ne. Ka gaishe min da injinka."

Ya daɗe yana haɗa amsa, don shi rubutu a waya ya fi masa jera dalma wuya.

"Injin yana amsawa. Ya ce tun da kika tafi ɗakin ya yi masa faɗi. Ni ban ce komai ba, shi ya faɗa."

Kakarsa mace tana zaune a ɗakin da ke bayan shagon. Tun da mijinta ya rasu shekara shida, ba ta sake tsallaka ƙofar da ta haɗa gidan da maɗaba'ar ba. Amma kunnenta garau yake.

"Kai ɗan nema, wace ce wannan mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano?"

"Mai koyon aiki ce, Kaka."

"Koyon aiki? To ka wanke wuya dai. Mai koyon aiki ba ta sa mutum fesa turare."

Amma akwai abin da bai gaya wa kowa ba.

Washegarin zuwanta na farko, da ya buɗe shago, ya tarar da ɗan hannun dalmar a kan teburin dutsen da ake ɗaure haruffa, shi kaɗai a tsakiya, fuskarsa sama. Ya ce ƙila shi ya manta. Ya mayar da shi. Washegari ya sake samunsa a wurin. Ya ce ɓera ne, ya rufe akwatin ya ɗora masa guduma. Da safe guduma tana nan yadda ya bar ta, ɗan hannun kuma yana kan dutse.

Makulli ɗaya ne, yana wuyansa. Tagar da ƙarfe. Kuma kowace safiya ɗakin yakan ɗauki warin kananzir, irin wanda marigayi Kakansa ke wanke haruffa da shi, alhali shi ya daina amfani da kananzir tuntuni. A kan ɗan yatsan dalmar akwai ɗanyar tawada, in ya taɓa sai ta kama shi.

Kullum wuri ɗaya yatsan yake nunawa: ƙofar fita.

Yakan yi addu'a, ya goge, ya mayar. Ya ce ba zai tsorata yarinya ba.

Da magana ta yi nisa, ya tura kawunsa wajen mahaifinta. Kawu ya dawo da rana tsaka, ya zauna a kan kujerar shago yana fifita da hula.

"Yaro, ban gane mutumin nan ba. Ya karɓe ni hannu biyu, har da shayi. Ya tambayi sana'arka, na ce ɗab'i. Ya ce wace maɗaba'a, na ce ta tsohon nan mai ɗingishi da ya rasu. Wallahi sai kofi ya suɓuce masa. Ya ce kowa ya zo zai duba, amma ban da jinin gidan nan."

"Bai faɗi dalili ba?"

"Ko kalma. Kuma na ji akwai wani a layi, shugaban ofishinsu."

Ya san shi. Mai Gilashi ne, wanda ya taɓa kawo ta a mota, ya leƙo yana toshe hanci, ya ce ashe har yanzu akwai masu zama a gidan tarihi.

Washegari da ya buɗe shago, ɗan hannun yana kan dutse, tawada har ta gangaro ta yi layi. Yana nuna ƙofa.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da injin. To, uban yarinya ya ce a'a. Mai shagon ma, daga inda yake, tun ranar farko yake nuna mata hanyar fita. Shi wane ne da zai yi jayayya da mai rai da mamaci?

Ya rubuta mata:

"Ki yi haƙuri, kada ki sake zuwa. Ki bi maganar Abba. Ba ki yi min komai ba sai alheri."

Ta kira sau bakwai bai ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo:

"Ko manhaja in za ta rufe wa mutum ƙofa tana faɗa masa dalili. Kai ba za ka faɗa ba?"

Ya kife wayar a kan tebur. Kwana goma sha biyu yana buga katunan mutane yana ɓata su. Ran nan ya hango ta a motar Mai Gilashi sun wuce ta bakin layi, ya koma ciki ya rasa abin da ya fito nema.

A rana ta goma sha uku, yana zuwa buɗe shago ya same ta tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu.

"Shugaban namu dai hanya kawai ya rage min a mota, kuma na gaya masa ya daina kai wa Abba kaya. Buɗe. Yau sai ka faɗa min."

Ya buɗe. Warin kananzir ya tarye su. Ta ja baya kaɗan, don ɗakin ya yi sanyi kamar an bar randa a buɗe, alhali rana ta riga ta fito. A kan dutse ga ɗan hannun, yana sheƙi.

Ya gaya mata komai, tun daga safiyar farko.

Ya ga tsigar hannunta ta tashi. Amma maimakon ta gudu, sai ta matsa kusa da teburin ta sunkuya.

"Baƙin Hannu."

"Na'am."

"Wa ya koya min cewa dalma ba a karanta ta yadda take kwance?"

Ya dubi ɗan hannun.

Ta yago 'yar farar takarda, ta ɗora a kan ɗan hannun, ta danna da babban yatsa. Ta ɗago, ta juya ta kamar shafin littafi. Ga hannun ya fito baƙi ƙirin a kan takarda, yana nuna kishiyar ƙofa, can ƙuryar da tsohuwar kabad ɗin marigayi Kakansa take.

"Mai ɗab'i ne yake maka magana," in ji ta. "Kai kuma tsoro ya sa ka karanta shi kamar ɗan kasuwa."

Ya dafe kai. Shekara goma yana wannan aiki.

Suka bi durowoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙasa ta ƙi buɗuwa sai da ya sa ƙarfe. A ciki akwai shafi guda na haruffa, an jera an ɗaure da zare, ƙura ta rufe shi. Ba a taɓa shafa masa tawada ba. Ya hure ƙurar ya fara karantawa a zuci. A layi na uku ya tsaya, ya rufe da tafin hannu.

"Me aka ce?"

"Wasiƙa ce. Ba ni aka rubuta wa ba, ba ke ba. Wani ne wai shi Bahago."

Ta zauna a kan kujera ba ta shirya ba.

"Haka abokan Abba suke kiransa."

"Ku zo nan," in ji wata murya daga bayan ƙofar gida. Kaka ce, ashe tana jin su.

Suka zauna a gabanta. Ta ce shekara talatin da suka wuce, wani saurayi bahago ya yi aiki a shagon, mijinta yana ji da shi kamar ɗan cikinsa. Sai asibiti ya tashi daga inda yake ya koma wani wuri, aka ba su aikin sanarwar da za a manna a mararraba. Saurayin ya jera, ya ɗauki hannun da yake ganin yana nuna dama, ya manta a takarda hagu zai nuna. Aka manna. Kafin a lura, wani mutum ya ɗauko matarsa tana naƙuda, ya bi yatsa. Ta rasu a hanya.

"Da aka zo tambaya, Malam mijina ya ce shi ya jera. Asibiti suka janye aikinsu. Yaron nan kuwa ko sallama bai yi ba, ya bar garin. Ranar Malam ya jefa ɗayan hannun a rijiya, a kan idona. Da Malam ya ji yaron ya dawo ya zama babban mutum, ya yi ta jira ya shigo. Bai shigo ba. A makonsa na ƙarshe na ji shi yana ta ƙwas-ƙwas da haruffa. Shi dama duk magana mai nauyi sai ya jera ta a dalma, don rubutun hannunsa ko shi ba ya iya karantawa."

Danna-nan tana ta hawaye. Ya miƙa mata hankici, ta karɓa, ta ga duk tawada ne, ta yi dariya cikin kuka.

"Ka buga mu kai masa," ta ce.

"A'a. In na kai masa a takarda, zai ga kamar na riƙe masa wuya ne don ya ba ni ke. Kuma don Allah kada ki nuna masa kin sani."

Da la'asar ya tafi shagon kayan gini. Ya jira har masu sayen siminti suka watse, sannan ya durƙusa ya gaishe shi. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ga faratansa, fuskarsa ta sauya.

"Na riga na ba kawunka amsa."

"Na ji, Baba, ba ita ta kawo ni ba." Ya ajiye ɗan hannun dalmar a kan kanta. "An bar maka saƙo a wurinmu, shekara shida ke nan. Ban buga ba. Layi uku na karanta na tsaya. Ko ka ba ni ko ka hana ni, saƙon naka ne."

Ya tashi ya tafi, ya bar shi yana kallon ɗan abin kamar kunama.

Kwana biyu shiru. A na uku da hantsi, ƙofar katako ta yi ƙara. Abba ne, shi kaɗai, ba direba. Ya tsaya yana shaƙar ɗakin. Ba wanda ya nuna masa hanya, ya zagaye injin ya nufi teburin dutse, ya sunkuya a kan shafin. Ya karanta shi a dalma, leɓɓansa na motsi, muryarsa na fita kaɗan-kaɗan:

"Ɗana Bahago. Kai ka jera, amma ni ne ban ja taku bakwai na duba ba, ina sauri. Laifin namu ne mu biyu, nawa ya fi. Na je wajen mijin matar na gaya masa gaskiya duka. Ya yi shekara huɗu bai amsa gaisuwata ba, a ta biyar ya ce ya yafe mana, ni da kai. Na rasa yadda zan kai maka rabonka. Ka sauke kayan nan haka. Gurbinka yana nan."

Babban mutum ya dafa dutse da hannu biyu yana kuka kamar yaro. Baƙin Hannu ya juya baya yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Sai ƙofar gida ta buɗe. Kaka ta tsallako, karo na farko a shekara shida, tana dogara sanda.

"Bahago, kai ne ka yi wannan tumbi?"

Ya zube a gabanta. Ta dafa kansa.

"Tashi, tashi. Ka bar tsoho yana ta zarya a shago, ya hana jikana barci."

Da Abba ya natsu, ya naɗe hannun riga, ya shafa tawada da hagunsa, ya ja mariƙin injin da kansa. Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. Har ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Wa yake buga muku katin biki a nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ba kai ba. Ango ba ya buga katinsa. Ka ce wa kawunka ya dawo, shayinsa ya huce."

Baƙin Hannu yana nan yana juya maganar har saƙon Danna-nan ya shigo wayarsa.

"Abba ya shigo gida da baƙin hannu yana dariya. Me ka yi masa?"

"Ban yi komai ba, Danna-nan. Hanya kawai na nuna masa, kuma ke kika juya min takardar."

Ranar da za a jera katin, su uku suka buɗe shagon tare. Ba warin kananzir, ba sanyi. Abba ya ciro ɗan hannun daga aljihu zai ajiye, sai ya tsaya cak. A tsakiyar dutsen akwai wani, irinsa sak, sai dai ɗaya gefen yake nunawa. Ya yi kore-kore, kuma a jiƙe yake, ruwa ya taru kaɗan a ƙarƙashinsa.

Kaka ce ta leƙo, ta dube shi, ta gyaɗa kai.

"To, ya kawo gudunmawarsa. Ku yi masa addu'a ku ci gaba da aiki."

Abba ya goge shi da bakin rigarsa. Ya jera sunan ango da na amarya, ya sa hannu ɗaya a kowane gefe. Ya buga gwaji, ya manna a bango, suka ja da baya su huɗu, har da Kaka da sandarta, suna ƙirgawa da ƙarfi har bakwai. Hannayen biyu suna nuna ciki, kowanne yana nuna ɗan'uwansa, sunayen a tsakiya.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar, har tsohuwar nan mai katin asibiti ta zo, ta ce da wayarta ta gano gidan, ba ta tambayi kowa ba. Kaka ta haɗa hannun jikanta mai tawada da na amarya, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa kada ɗayansu ya taɓa karanta ɗan'uwansa a juye. Abba ya ce amin har sau uku.

Tun daga ranar, duk safiyar da Baƙin Hannu ya buɗe shago, yakan fara duba teburin dutse. Ba komai a kai. Hannayen biyu suna kwance a gurbi ɗaya, a bushe.